Ƙaron da Ya Hana Ƙyallenku Tsagewa, Wa Ya Kawo Shi?

Zuwa ga Farfesa, Shugaban Cibiyar Binciken Makamashi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce mai kula da ɗakin gwajinku, wadda ke buɗe shi kafin kowa ya zo. Na rubuto a fili ne domin sau biyu ina neman ganinka ana cewa kana taro.

Na ɗaya. Ka san yadda aikin ƙyallen ajiyar lantarki ya cije mana. Mukan shafa wa ƙyalle garin gawayin da ya fi kwalli laushi, ya ɗauki caji nan take, amma da an lanƙwasa shi sai shafen ya tsage ya zube. Dakta Rabi, wadda ka ɗora a kan aikin, ta gwada manne kala-kala daga waje, duk suka ƙi.

Na biyu. Ni na kawo ƙaro daga gida, a cikin gwangwanin madara. Mahaifina malamin allo ne a Sheshe, kakanninmu daga Barno suka zo, kuma tun ina ƙarama nake haɗa masa tawada. A gidanmu ba a ɗora ƙaro a wuta. Jiƙa shi ake da ruwan sanyi ya kwana, a tace sau uku da farin ƙyalle, sannan a murza gawayi a ciki har hannu ya gaji. Haka na yi, na shafa wa ƙyallen, aka naɗe shi kamar hankici, aka warware, aka jona masa ƙwan fitila ya kama. Kana tsaye a wurin. Har tafi ka yi.

Na uku. Sai ga Dakta Rabi a talabijin da sabon leshi, tana cewa hikimar gargajiya ce ta faɗo mata a rai. Da aka tambaye ta yadda ake haɗawa, ta ce tafasa ƙaron ake yi. Tafasawa! Ƙanwar mahaifina da ba ta taɓa shiga aji ba sai da ta yi dariya.

Za a ce ƙyashi nake. Ƙyashi nake, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba. Ina ƙyashin kujerar da ta zauna, da hotonta riƙe da ƙyallen da ni na shafa, da yadda maƙwabtana suke tare ni a Ƙofar Mazugal suna tambaya ko na san matar nan mai basira. Na san ta. Ni nake wanke mata kwalabe. Digirinta nata ne, ta sha wahalarsa. Na karanta duk takardun da ta karanta a kan wannan aiki, ban ga ƙaron gidanmu a ko ɗaya ba.

Na ji za a miƙa takardar rajistar ƙirƙirar da sunaye biyu, naka da nata. Roƙona shi ne a dakata a sa nawa. In kana shakka, ka ajiye mana gawayi da ƙaro da ƙyalle a tebur ɗaya, ni da ita kowacce ta haɗa nata a gabanka, a naɗe, a jona fitila. Wadda tata ba ta kama ba, a cire sunanta. Na yarda, ko da ni ce.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya ba ka ikon yin adalci. Gwangwanin dai na mayar da shi gida.

Wassalam.

Mai kula da ɗakin gwaji,
Sheshe, Kano.