Ƙarfen Tsamiyar Kasuwa Yana Maƙera a Bafarawa

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Cigaban Tungar Ƙarfe, tare da 'yan kwamitinsa.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka, ina gaida iyali da abokan aikinka. Ni ce Hajo, matar marigayin da kuke kira Mai Ƙarfe, ta gidan da ke bayan rijiyar Kulu. Karatuna bai wuce firamare ba, in na ajiye wata magana inda ba wurinta ba a yi mini afuwa. Na aiko da saƙo da baki ban ji amsa ba, shi ya sa na rubuta a fili.

Maigidana ya rasu da hantsi, cikin daminar da ta wuce, mazan gari duk suna gona ana maimai. Da na rufe masa ido, na jawo ƙusar dogo da yake buga ƙarfen kasuwa da ita daga ƙarƙashin gadonsa, na miƙa wa ƙanensa Mamman, na zauna ina saurare. Tun ina amarya nake jin wannan bugun saboda mutuwar wasu, na ce yau za ni ji shi saboda tawa asarar. Na jira, shiru. Can sai ga Mamman ya dawo da ƙusar a hannu, ya tsaya bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ya ce babu kome a reshen tsamiyar kasuwa inda ƙarfen ke rataye sai guntun waya. A nan na gane an cire ƙarfen, kuma babu wanda zai kira mutane daga gona su zo su sallaci mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiran su.

Ga abin da nake so ku ji.

1. Yadda ƙarfen ya zo garin nan.

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Tungar Ƙarfe ba, amma jirgi ne ya haifi garin. Uwar mijina, Allah shi jiƙan ta, ita ta ba ni labarin muna sussuka. Ta ce da can wurin nan zango ne kawai tsakanin Sabon Birni da Isa, inda masu raƙuma da jakuna ke yada kaya in za su kai gyaɗa da fatu tashar jirgi a Ƙaura. Wata mata mai suna Kulu ta fara kafa rumfa tana sayar musu da fura. Ita ta tara matafiya suka haƙa rijiyar da har yau muke sha. Daga nan Gobirawa manoma suka yi gidaje, Fulani suka matso da rugarsu, wasu Buzaye suka ce sun gaji da tafiya suka zauna.

Wata shekara wuta ta tashi a zangon, maza suna gona. Mata suka yi ta kururuwa babu wanda ya ji, gyaɗar mutane da rumfuna suka ƙone ƙurmus. Kulu ta taɓa zuwa Ƙaura, ta ji ƙarfen da ake bugawa a tasha in jirgi ya kusa. Ta ce wa masu tafiya kada kowa ya sake kawo mata tsarabar goro ko sabulu, wannan ƙarfen take so, in kuwa ba su zo da shi ba su nemi mai dama musu fura. Mutum uku suka ɗauki maganar: Nomau, uban mijina, da Agali Buzu, da Jaɓɓi Bafillace, kakanka, ranka shi daɗe. Suka tsaya a Ƙaura suna dakon buhuna har shugaban leburorin dogo ya ba su guntun ƙarfen tsohon layin dogo da aka canza, da ƙusa guda. Suka ɗora wa raƙumin Agali. Duk taku sai ƙarfen ya yi ƙara, raƙumi ya firgita ya durƙusa ya ƙi tashi. Sai suka yi gammo suka riƙa karɓa-karɓa a kafaɗa tun daga Ƙaura har gindin tsamiyar nan. Uwar mijina ta ce kantar ba ta bar kafaɗar Nomau ba har ya mutu. Jaɓɓi ne ya ba da fatar bijimi aka murɗa igiyar farko da aka rataye shi da ita. Sunan garinmu daga wannan ƙarfen ya fito.

2. Aikin da yake yi mana.

Ba na ado ba ne, kuma ba na ibada ba ne, kira ne. Bugu da sauri na gobara ne, ko ruwa ya ci gida, ko a 'yan shekarun nan in an hango masu bindiga. Bugu a hankali, da jinkiri tsakani, na mutuwa ne: mai fartanya ya ajiye, mai kiwo ya bar wa wani shanu, a zo a haƙa kabari. Ana jin sa har fadama, ana jin sa a ruga. Nomau ya riƙe ƙusar har ƙarfinsa ya ƙare, ya miƙa wa maigidana. Ba a biyan su kome. Na sha ganin sa ya sa hannu a tuwo an zo an ce wane ya cika, ya tashi bai ko wanke hannu ba. Bai taɓa tambaya ko mamacin mai hali ne ko baƙo ne da ya kwana a masallaci ba. Yakan ce kowa bugunsa ɗaya.

3. Abin da ƙungiya ta yi.

Ba za ni ɓoye alherinku ba. Kun gyara rufin makaranta. Kun yi mana famfo mai aiki da hasken rana, ni kaina na huta da jan guga. Kun gina rumfunan kasuwa na bulo, mata masu ƙosai ba sa tserewa in hadari ya taso. Ku ɗiyan garin nan ne da kuka yi karatu kuka waiwayo gida, Allah shi saka muku. A wurin ginin rumfunan ne aka ce ƙarfen ya tare hanya, aka sauke shi, aka ɗaura lasifika a madadinsa. Na ji an haɗa shi da tsofaffin ƙarafa an ba wa wani maƙeri da ya yi muku ƙyamaren rumfuna. Na yarda ba da mugunta kuka yi ba. Amma maigidana yana kwance a lokacin, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa kuma yana magana. Ba wanda ya zo ya tambaye shi. Har ana gobe zai rasu yana ce mini in tuna wa Mamman ya duba wayar da ƙarfen ke rataye da ita, kada tsatsar damina ta cinye ta. Na ce to. Ni da shi duka ba mu san babu abin dubawa ba.

4. Jana'izarsa.

Mamman ya je wurin lasifika, aka ce kwanakin nan hadari ya rufe rana, ya hana batir caji. Ko da ta yi aiki, muryarta ba ta wuce makaranta. Wayar hannu kuwa kun san ba ta shiga a fadama. Tsofaffin da suka rage a gari ne suka haƙa kabari, da liman da ladan da mai shayi. An ce mini sahu ɗaya bai cika ba. Da yamma maza suka dawo da fartanyoyinsu suka tarar an rufe shi. Na ji manya suna kuka a zaure, wani yana cewa shi ya buga wa ubana, wani yana cewa shi ya buga wa ɗiyata. Mutanen ruga sai washegari suka ji. Na san rahamar Allah ba ta ƙirga sahu. Amma ni mutum ce, abin yana nan a ƙirjina.

5. Inda ƙarfen yake yanzu.

Bayan na fita takaba na je kasuwar Bafarawa sayen tukunya. Ina wucewa ta layin maƙera na ji muryar ƙarfenmu, ƙafata ta tsaya da kanta. An kwantar da shi a ƙasa an mai da shi uwar maƙera, ana dukan lauje a bayansa. Maƙerin mutumin kirki ne, ya ba ni tabarma ya saurare ni har na gama. Ya ce bai san tarihinsa ba. Ya ce ya yi niyyar raba shi biyu ya ba ɗansa rabi kafin aikin fartanya ya taso a bazara, amma zai dakata har lokacin. Ba ya neman kome sai wani ƙarfen da zai yi aiki a kai. Sai dai ya ce bakin da ya ba shi, shi zai zo ya karɓa, kuma gaskiyarsa ce. In an yanka shi ba zai sake yin wannan muryar ba.

Roƙona ke nan, ranka shi daɗe. Ka je da kanka Bafarawa, ko ka tura wanda maƙerin ya sani, kafin bazara. A mai da ƙarfen tsamiyarsa, in reshen farko ya tare rumfa akwai na gabas. Kada a cire lasifika, tana da amfaninta, su zauna tare. A sa ƙusar a hannun Mamman, ya yarda zai riƙe. Kuma ranar da aka rataye shi, ina roƙon a buga bugun nan na a hankali, a faɗa wa mutane na wane ne, wanda ya ji ya yi masa addu'a daga inda yake tsaye.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi ba ka ikon riƙe amanar garin nan. Allah shi jiƙan Kulu da Nomau da Agali da kakanka Jaɓɓi, shi kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir. Ranar da naka kiran ya zo, bayan tsawon rai, Allah shi sa a ji shi har fadama.

Ƙusar tana nan ƙarƙashin gadonsa inda na mai da ita. Ƙarfen yana Bafarawa. Har yau ba a buga wa maigidana ba.

Wassalam.

Hajo, matar marigayi Mai Ƙarfe,
Bayan rijiyar Kulu, Tungar Ƙarfe.