Ƙafar Halliru a Kan Dogo

Al Sabkha, Deira
Maris, 2017

Zuwa ga Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya jiki, ya ƙafar, ya kuma ƙarin haƙurinmu na rashin ƙanenka? Ni ina nan ƙasar Larabawa cikin takaba, lafiya lau in ban da zuciya.

Yaya, raina a ɓace yake. 'Yarmu Ummulkhair ta kira ni daga nan Kano tana kuka, wai 'yan ajinsu suna cewa babanta kashe kansa ya yi. Wai wani ɗan kasuwa ya ga Halliru ya ɗora ƙafa a kan dogo ya tsaya yana jiran jirgi. Maganar ta zaga kwatas ɗin reluwe, ta shiga har gidanka, kai kuma ka yi shiru. Mutumin da ya fita kai wa kwastoma samfurin yadi, ya ce in ajiye masa tuwo kada ya huce, shi ne zai kashe kansa? Yarinyar nan ta daina zuwa makaranta. Ba zan bar wannan magana ba.

Ka gaida Yaya Jummai.
Matar ƙanenka,
Mahfuza

Al Sabkha, Deira
Afrilu, 2017

Yaya Sanda,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Saƙonka ya iso, ka ce in bar wa Allah. Na bar masa mutuwar, ƙaryar ce ban bari ba.

Na sa maƙwabciyata Mero ta tambayo mijinta Idris, shi a wajen gyaran jirgin da ya buge Halliru yake aiki. Tiram suke kiransa, a tsakiyar titi yake tafiya can Marina, nesa da mu. Ya ce a da can dawakai ke jan irinsa, daga baya aka maƙala masa sanda tana shan lantarki daga waya a sama. Na nan ko wayar babu, wutar tana cikin wani ƙarfe a ƙasa, ba ta kamawa sai jirgin yana kai. Babu hayaƙi, babu rugugi, dogon ma a binne yake cikin daɓe, ba ya rawa. Direban ya buga ƙararrawa, amma kunnen da ya saba da kukan jirgin Legas ina zai ɗauki wannan ƙararrawa da muhimmanci?

To Yaya, wa ya koya wa Halliru taka dogo? Ba kai ba ne, tun kana aikin reluwe yana bin ka? Ka ce kada ya yarda da ido a kwanar dogo, ya ɗora ƙafa, in jirgi na tafe ƙarfe zai faɗa masa. A gabana ya sha yi a Kano, ina yi masa dariya, yana cewa karatun Yaya ne. Abin da ya yi ke nan ranar. Ya taka, bai ji komai ba, ya shiga.

Ban ce kai ka kashe shi ba. Amma kai kaɗai ne in ka faɗa za a yarda. Ka tashi a masallacin kwatas ka gaya musu. In ba za ka iya ba, ka bar kiran Ummulkhair 'yarka.

Mahfuza

Al Sabkha, Deira
Yuli, 2017

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Ummulkhair ta ce bayan Juma'a ka miƙe da sandarka, ka ja mutane har bakin dogo, ka ɗora ƙafa ka nuna musu. Ta ce tsofaffin reluwe duk sun ce su ma haka suke yi. Ta koma makaranta. Na gode. Fushin bai gama sauka ba, don ka daɗe.

Da na fita takaba Mero ta raka ni wurin da abin ya faru. Na tsaya bayan shinge, na cire takalmi na ɗora ƙafa a ƙasa. Wallahi Yaya, har jirgin ya zo ya wuce, mutane a ciki suna danna waya, ban ji komai ba.

Ina nan tafe ƙarshen wata, in sha Allah. Abu ɗaya nake roƙo: jikokinka kada ka koya musu taka dogo. Ka koya musu su ɗaga kai su duba.

Taka,
Mahfuza