Jiran Kafaɗar Gado

Ƙaura Namoda, 4 ga Yuli

Ƙanwata Safiya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Ya ruwa a Zurmi? Na ba Alhassan direba wannan takarda, tunda sabis ɗinku sai ya ga dama.

Akwai abin da na yi ban gaya miki ba. Mun koma ɗaukar waƙar damina, wadda munka fara da mijinki Gado kafin a tare motarsu a hanya. Wata tara ke nan, ba kira, ba gawa. Wani makaɗi daga Shinkafi ya zo neman gurbinsa, na sallame shi tun daga zaure. Sai Mubashir mai kwamfuta, wanda ya jingina katifu a bangon ɗakina don kada ƙarar babura ta shiga, ya ce inji zai riƙe mana lokaci. Ya maƙala mana wani abu a kunne yana ƙwas-ƙwas, kamar kaza a kan faranti. Na yarda, don inji ba mutum ba ne. Ranar da Gado ya dawo sai mu kashe abin ya karɓi kalangunsa.

Ki gaida Inna.

Yayanki,
Sirajo

19 ga Yuli

Safiya,

Ina gaisuwa, ya jikin ɗiyarki Hamida? Allah ya ƙara sauƙi.

Aikin ya ƙi. Duk sa'ad da munka zo amshi na uku, ni da Sabo da Mahmuda 'yan amshi sai mu makara tare, kamar da numfashi ɗaya. Sau goma sha ɗaya munka sake. Mubashir, da gajen haƙurinsa, ya ce kunnuwanmu ne sunka tsufa. Kai, yaron nan! Sai da ya kunna mana munka saurara, Sabo ya dafe kai ya fita tsakar gida.

Kin san kafaɗar Gado, wadda ta goce tun faɗuwarsa a babur. Idan ta gaji sai ya ɗaga ta ya gyara maratayin kalangu, kullum daidai wurin nan, mu kuwa mu dakata masa. Shekara sha shida muna haka, ba wanda ya taɓa lura. To shi muke jira, Safiya. Inji yana ta ƙwas-ƙwas, mu uku mun riƙe numfashi, kuma na rantse miki a cikin shirun nan ina jin motsin rigarsa a gefen damana. Daɗi na ji. Mubashir ya ce zai iya jawo muryoyinmu da kwamfuta ya toshe wurin. Na ce in ya taɓa, ya kwashe katifunsa.

Naki,
Sirajo

11 ga Agusta

Ƙanwata,

Allah ya sa wannan ta same ku lafiya. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Kin ce dangin Gado suna maganar a je wurin alƙali ya yanke hukuncin cewa ya rasu, kuma ba za ki motsa ba sai kin ji ko ni har yanzu ina sa rai.

Na so in rubuto miki e, da manyan baƙaƙe. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Jiya da hantsi munka sake ɗauka, muna ta raha a kan tsadar taki. Munka shiga, munka fita, waƙa ta tafi sumul. Mubashir ya yi tsalle yana tafi, wai ba mu kuskure ko bugu ɗaya ba. Ina dariya ina taya shi, sai na ga Mahmuda ya sunkuyar da kai.

Ba wanda ya dakata, Safiya. Ni ma ban dakata ba, kuma ban ma san na wuce ba. Na sa an sake kunnawa, na nemi wurin sama da ƙasa, babu shi. Kunya da tsoro sun hana ni cin abinci.

Kada ki je gaban alƙali ke kaɗai. Ina nan tafe ranar Juma'a, in Allah ya yarda.

Yayanki mai neman gafararki,
Sirajo