Na Hango Matsala, Gwaggo Ta Ce Bakina Ne Ya Jawo

Anti Jummai, don Allah ki agaza min, kaina ya kulle. Ga ni cikin murna, ga kuma damuwa.

Ni 'yar Madabo ce, ina digiri na biyu a fannin tsara ayyuka da gudanar da su. Kin san halin da Kano take ciki, yau bam, gobe harbi, ga shingen sojoji a kowace kwana. A haka nake ratsawa in je lakca in dawo. A gida kuwa Baffa Isyaku, babbanmu, tsokanata yake wai na tafi jami'a koyon sa mutane aiki, abin da kowace tsohuwa ta iya kyauta.

To, rufin Islamiyyar gidanmu ya ruɓe, ƙasa na zubo wa yara, ga damina ta kawo kai. Aka yi taron gida, na roƙa a bar min aikin. Baffa ya yi dariya ya ce a ba 'yar boko ta gwada. Abin da aka fi nanata mana a aji shi ne, kafin ka taɓa aiki ka zauna ka tambayi kanka me zai iya ɓaci. Ni kuma baki ba linzami, a gaban kowa na ce idan muka yaye rufi aka yi harbi aka rufe unguwa fa? Wayyo Anti! Gwaggo Luba, wadda ta raine ni bayan rasuwar innata, ta tofar da yawu ta ce in nemi tsari, mugun baki ba kyau. Ɗanta Garba ya fita ranar wata Juma'a da aka kai hari, har yau ko takalminsa ba mu gani ba.

Ban fasa ba. Na sa aka shigo da kwano da katako da ƙusa tun da wuri, aka jibge a zaure. Na ƙi kafintan da Baffa ya so ɗaukowa daga bayan gari, na riƙe Malam Gambo na lungunmu. Na kuma hana a yaye rufin gaba ɗaya, sai aji bayan aji. An yi ta gunaguni wai iyayi ne.

Muna tsaka da aiki kuwa aka yi harbi a bakin titi, aka datse unguwa, ba shiga ba fita. A kwanakin aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Anti, ko littafi ɗaya bai jiƙe ba! Kafin a buɗe hanya mun gama. Baffa da bakinsa ya ce ashe karatun nan ba na banza ba ne. Malamina ya ce in rubuta kundina a kai. Yanzu har mai unguwa ya aiko in jagoranci gyaran kwatocinmu. Wallahi rawa na taka a ɗaki.

Amma Gwaggo ta ce bakina ne ya kira harbin. Ta daina cin girkina, in na gaishe ta bango take kallo. Ta rantse in na karɓi aikin mai unguwa ambaliya zan kira mana, kuma ba ita ba ni. Ni ba ni da uwar da ta wuce ta. In karɓa ko in haƙura?

Taki,
'Yar Boko, Madabo.

AMSA

'Yata, barka da ƙoƙari. Kin yi aiki, kuma ban yarda ki rage murnarki ba. Bakinki bai kira komai ba, masu harbin nan ba sa zuwa taron gidanku. Shirin zaune ya fi na tsaye, wannan kin yi daidai.

Sai dai ki dubi Gwaggo. Ke a wurinki harbi darasi ne na aji, ita kuwa ranar da Garba bai dawo ba kika tuna mata, kuma a gaban jama'a. Kada ki zaci tsofaffinmu ba su san tanadi ba. Sun sani, ambaton masifa ne ba sa so. Tsohuwa takan ajiye likkafaninta a ƙasan adaka shekara da shekaru, ba za ki taɓa jin ta tara mutane tana zancensa ba. Saboda haka hangen abin da zai iya ɓaci ki yi shi tsakaninki da masu aiki. A taro kuwa maganin kawai za ki faɗa. Da cewa kika yi a shigo da kaya da wuri, da ya wadatar.

Ki karɓi aikin, ruwan sama ba ya jiran ku shirya. Amma kafin ki ba mai unguwa amsa, ki shiga ɗakin Gwaggo ke kaɗai, ki durƙusa. Kada ki je da hujja, don in kin kayar da ita da hujja kin rasa ta. Ki ba ta haƙurin fama mata ciwo, ki roƙi ta sa wa aikin albarka, in kuka ya zo mata ki zauna ku yi tare. Ba lallai ta sauko a ranar ba. Ki koma washegari, ki kuma komawa. Wannan aikin ba a yanka masa wa'adi.

Allah ya ba ki sa'ar kundinki, ya sanyaya zuciyar Gwaggo, ya zaunar mana da Kano lafiya.

Anti Jummai