Ciwon Ƙafar Malam Muttaka

Gwammaja, Kano
Litinin

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya sa ɗorin ya kama.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban Azare alhali kullum muna waya. Tun da wayarki ta lalace sai a lasifika ake jin magana, abin da ke tafe da ni kuwa ba na kunnen Inna ba ne.

Hangum ya shigo makarantarmu. Yara bakwai ya kama a ajina, na takwas ɗin mijinki ne, da shekararsa arba'in da huɗu. Kumatuna suka yi suntum, har hedimasta ya ba ni hutu yana kallon ƙasa don kada dariya ta ƙwace masa. Ummi na kai ta gidan Yaya Binta a Ƙofar Nassarawa, kada ta ɗauka. Kumatun sun fara sacewa, sai dai tun jiya ƙafata ta hagu take ciwo, daga can sama. Saboda haka ba zan samu zuwa dubiya ranar Asabar ba. Ki ba Inna haƙuri.

Mijinki,
Muttaka

Alhamis

Maman Ummi,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, ke da mai jiki.

Ki yafe mini, ƙarya na yi miki. Ba ƙafa ba ce, maƙwabcinta ne. Sau uku ina rubuta sunan ina gogewa, to ga shi nan: maraina ne, na hagun. Ya kumbura ya kusa kai lemon zaƙi, ga zazzaɓi. Ko wando ya taɓa wurin sai na yi salati.

Na so in ɓoye, tafiyata ta tona mini asiri. Ɗalha tela ya hango ni ina takawa zuwa masallaci a tale, ya ja ni gefe ya ce gwaiwa ce, shi ya san abin sarai. Ya kawo mini wani gari a leda, wai a sha da kunun kanwa. Na sha. Kumburi bai motsa ba, ciki ne ya ɓarke, ki kuma tuna tazarar da ke tsakanin ɗakinmu da bayi ga mutumin da ba ya iya sauri.

Abin da ya fi yi mini zafi, wani a majalisa ya ce ai irin wannan ciwon sanyi ne, ya kuma tambaya sati nawa da tafiyarki. Wallahi Rabi'atu, daga makaranta sai masallaci sai gida.

Tsoro nake ji. Shekara tara muna roƙon Allah ya ba Ummi ƙani, ina gudun a ce ciwon yara ya rufe mana wannan ƙofar. Ki yi mini addu'a, ki kuma ƙona takardar nan.

Naki,
Muttaka

Lahadi

Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin Inna ta fara takawa da sanda. Ta riga ni.

Amsarki mai layi biyu ta iso: ko in je asibiti, ko ki kira Yaya Binta ki yi mata bayani. Na zaɓi asibiti. A adaidaita sahu na je. Ban taɓa sanin yawan ramukan da ke titinmu ba sai ranar, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Wajen yankan kati na ga mata a layi, na ce ƙafa. Aka tura ni sashen ƙashi, na yi awa biyu cikin masu karaya kafin na raɗa wa wani nas gaskiya. Ya kai ni wani ofis. Likitar ta ɗago kai, ta miƙe tsaye, ta rusuna ta gaishe ni da Malam. Jamila ce, wadda na koyar a aji biyar shekara ashirin da suka wuce. Ni na koya mata sunayen sassan jiki, ranar kuwa na kasa faɗin guda ɗaya. Fanka na tsura wa ido na ce mata ciwon yana kudu da cibiya.

Allah ya yi mata albarka, ko murmushi ba ta yi ba. Ta kira abokin aikinta namiji ya duba ni, aka gwada fitsari, aka yi hoto. Hangum ɗin ne ya gangara, wai yakan yi wa manya haka. Babu sanyi, ki sa wannan a ranki. Magani shi ne kwanciya, ƙwayar rage zafi, tsumma mai sanyi da ɗan kamfai mai tallafe wurin. Ta ce tunda ɓangare ɗaya ne, da wuya ya taɓa haihuwa. A nan ne na yi hawaye, na ce fankar ce.

Daga nan ta yi mini faɗa cikin ladabi. Ta ce da murɗewa abin ya yi, cikin 'yan awanni yake mutuwa, sai dai a cire, ni kuwa na yi kwana biyar ina shan kunu. Ta ce kumburin wurin iri-iri ne, wani ƙwayar cuta ce daga mafitsara, wani tsakuwar ƙoda, wani hanji ne ke zurarowa, kowanne da maganinsa, ba a gane su a bakin shagon tela.

Na maimaita wannan a majalisa. Jiya da hantsi sai ga Ɗalha yana sallama, wai wani abokinsa ne ke da kumburi shekara huɗu. Na dubi yadda ya ɗosana a gefen kujera, na tambaye shi ko abokin zai samu fitowa gobe ƙarfe takwas. Ya ce zai samu. Zan raka shi, na kuma yi masa alkawarin ni zan faɗi sunan wurin.

Gidan ya yi mini faɗi, Rabi'atu. Inna na warwarewa ki taho.

Ɗalha ya roƙe ni don Allah kada kowa ya ji. Ke kaɗai na gaya wa.

Mijinki mai kewarki,
Muttaka