Huluna Dubu Uku

Guangzhou, 4 ga Maris

Yaya Lukman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Umma da kowa na gida. Na rubuto a takarda ne na ba Hajiya Sabuwa mai safarar atamfa ta kawo maka, don yanzu ko wayata tsoronta nake ji.

Ka san duk shekara idan za mu yi rajista, makaranta tana haɗa mana da kuɗin ƙungiyar ɗalibai, ta miƙa wa shugabanninmu don buɗa baki da duba marasa lafiya. Ni ce sakatariya, Mansur ne shugaba. Ranar Alhamis wata jami'a a ofishin ɗaliban ƙasashen waje ta kira ni, ta ajiye takarda a gabana. An cire kuɗin ƙungiya an buga huluna dubu uku, a jikinsu an rubuta "Matasa Mu Farka", wannan ƙungiyar da ke adawa da gwamnatin jiharmu. Ga sa hannuna a ƙasa. Wallahi Yaya, lokacin da Mansur ya kawo takardar babu komai a jikinta, ya ce ta abincin Sallah ce.

Ranar da muka iso ƙasar Sin mun sa hannu cewa ba ruwanmu da siyasa. Jami'ar ba ta ɗaga murya ba. Fasfona kawai ta karɓa ta sa a aljihun tebur. Mansur kuwa ya kashe waya, ɗakinsa a kulle.

Saura shekara ɗaya in zama likita. Don Allah kada Umma ta ji.

Ƙanwarka,
Ramlatu

Kano, 9 ga Maris

Ramla likita,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya lau, Umma na gaishe ki.

Haba, hula ce fa! Tun yaushe hula ta zama bindiga? Nan kwalejinmu ma da kuɗin ƙungiya muke buga takardun gwagwarmaya, ba wanda ya mutu. Wata nawa gwamnati ta riƙe muku alawus? Idan ɗalibai ba su yi magana da kuɗinsu ba, da na wa za su yi?

Abin da nake so da ke: ki ce ba ki san komai ba, ki tsaya a nan. Kada ki shiga binciken inda aka kai kayan. Tsare gida ya fi tsare waje. Kwana biyu za su manta.

Yayanki,
Lukman

Guangzhou, 15 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban bi maganarka ba, ka yi haƙuri.

Jiya bayan azahar na hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Xiaobei, na yi ta bin shagunan masu tura kaya. Duk Basinen da na nuna wa kwafin takardar hulunan sai ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu. A hawa na shida na wani bene na samu Alhaji Abdul-Gafaru, dattijo ɗan Kumasi. Yana ganin lambar da ke jikin takardar ya ce, "Ni na tura kayan nan ta filin jirgin sama na Baiyun. Kwali goma sha biyu."

Na ce, "Baba, wa ya karɓa a Kano?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "'Yata, akwai abin da rashin saninsa ya fi." Na ce sai na gani. Ya juyo mini takardarsa ta tura kayan.

Lukman Sadisu Gwammaja. Da lambar wayarka.

Ban san yadda na sauko daga benen ba. A cikin jirgi sai na ga kamar kowa ni yake kallo.

Ranar ashirin da takwas zan tsaya gaban kwamitin makaranta. Sunan wanda ya karɓi kayan suke so, kuma za su aika da rahoton ga hukumar da ke biyan karatunmu a gida. Idan na yi shiru za su kore ni. Idan na faɗa, ka fi ni sanin abin da ake yi wa 'yan ƙungiyarku. Mu arba'in da ɗaya muka biya kuɗin nan, har da Fasuma 'yar Damagaram da ko sunan gwamnanmu ba ta sani ba. Wa ya tambaye mu?

Ka sani ashe, lokacin da kake ce mini hula ce kawai?

Ramlatu

Kano, 21 ga Maris

Ramlatu,

Salam. Na sani. Ni na roƙi Mansur, tun muna sakandare abokina ne. Ya rantse mini sunanki ba zai fito ba, ni kuma na yarda saboda ina so in yarda.

Ga takarda nan da Turanci, da sa hannuna da kwafin katina. Na rubuta komai, har da cewa an yaudare ki. Ki miƙa musu, kada ki tsaya tunanina. Gobe zan kai irinta hukumar da ƙafata, gara su ji daga bakina.

Na faɗa wa Umma. Ta tashi ta ɗauki buta.

Ki yafe mini.

Lukman

Guangzhou, 29 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Na miƙa takardarka. Sun karanta, sun ce in ci gaba da shiga aji, hukunci sai bayan sati biyu.

Na kira layinka sau bakwai, a kashe. Umma ta ce tun ranar da ka je hukumar wasu mutum biyu suka biyo ka gida, suka ce 'yan tambayoyi ne, yanzu za ka dawo. Yau kwana bakwai.

Ban san hannun da wannan za ta faɗa ba, don haka ba zan ƙara komai ba. Na yafe maka. Idan ka karanta, ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Ƙanwarka,
Ramlatu