Sunanmu a Allon Malama

Litinin, 3 ga Maris
Ajin Turanci na manya, bayan na tashi daga gidan wanki. Yau darasin sunan iyali ne. Malama ta ce in an sa masa "Mrs" a gaba, matar gida ke nan. In an liƙa masa "s" a baya, ya kwashe duk mutanen gidan. Ta duba rajista, ta tsallake sunaye gama-gari, ta tsaya a kan nawa. Wai ba ta taɓa jin irinsa ba, yana da daɗi a baki. Ta rubuta shi ɓaro-ɓaro a allo. Ni ko a littafin nan nawa ba na rubuta shi.

Laraba, 5 ga Maris
Ta sake yin misali da sunana. Wance tana aiki a gidan wanki. 'Yar wance tana zuwa makaranta da ƙafa. Su wance suna zaune bayan tashar bas. Duk gaskiya ne, ni na faɗa da bakina ranar gabatar da kai. Aji na maimaitawa, wani tsohon maigadi yana murɗe sunan ana dariya. Na taya su.

Zuriyarmu kaɗai ke da sunan nan. Ranar da na ba da shaida kan mutanen da suka kashe maƙwabcinmu, wani yaronsu ya tare ni a bakin kotu. "Duk inda kika shiga, sunanki zai kawo mu." Washegari na ɗauko 'yata muka bar garin. Ko Inna ban yi wa sallama ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Ashe Malama tana sa darussan a shafin makaranta na intanet, don masu bita. Na buga sunan a waya. Shi ya fara fitowa, da gidan wankin, da tashar, da yarinyar.

Juma'a, 14 ga Maris
Na ƙona rigar mutane da dutsen guga. Duk wanda ya turo ƙofa sai na ɗago in ga ko wane ne.

Litinin, 17 ga Maris
Na tsare Malama bayan aji na gaya mata komai. Ta zauna jagwab. "Wayyo, 'yar'uwa, ni misali kawai nake nema." A gabana ta goge darussan daga shafin. Sai kuma ta kasa kallona. Ta ce wani mutum ya kira ofis shekaranjiya yana tambayar mai wannan suna. Ba su ce masa komai ba. Ya bar lamba, ta ba ni.

Talata, 18 ga Maris
Ban bar yarinya ta je makaranta ba. Na ce mata zazzaɓi gare ta. Ta taɓa goshinta ta ce, "Mama, ke ce dai."

Alhamis, 20 ga Maris
Abokiyar aikina mai ninkin kaya ta kira lambar da wayarta, ni ina gefe na dafe injin wanki. Muryar ɗan Gwaggo ce, da in'inarsa da komai. Ban san lokacin da na fizge wayar ba. Ya ce ya daɗe yana buga sunan, sai ga shi a darasin Turanci. Inna tana nan, idonta ne ya yi rauni. Cikin mutum ukun da na ba da shaida a kansu, biyu suna gidan yari, na ukun ba a san inda yake ba. Na ba shi lambata, ina kashewa na yi nadama. In shi ya gano ni, wa zai kasa?

Gobe zan canza layin waya. Gida ma, in an samu.

Lahadi, 30 ga Maris
Inna ta kira da hantsi, ta kira kuma bayan mun ci abinci. Ba ta da magana sai ta gwiwarta da jikarta. Yarinya ta koma makaranta, amma ni ke raka ta har ƙofa, ina waige.

Layin ban canza ba tukuna. Shagon ne da nisa. Kuma Inna ta sha wuya kafin ta haddace lambar.